SALAHUDDINI AL-AYYUBI: SARKIN DA YA RIƘE AMANAR BIRNIN ƘUDUS

Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, muna neman taimakonSa da gafararSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu karatu, babu wani gari a bayan ƙasa da mabiya addinai uku suke dubansa da idon girma kamar Birnin Ƙudus, wanda malamanmu ke kira Baitul Muƙaddas. A wurinmu Musulmi, nan ne alƙiblarmu ta farko, nan ne Masallacin Aƙsa, kuma can aka kai Manzon Allah (S.A.W.) a daren Isra'i kafin a hau da shi sama. Yahudawa suna girmama shi saboda Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu (A.S.) da ɗakin ibadarsu na dā. Nasara kuma suna girmama shi saboda Annabi Isa (A.S.), can ne ma babbar majami'arsu take, wato Kanisatul Ƙiyama, inda suka ƙudurce cewa an binne shi, ko da yake mu aƙidarmu ita ce ba a kashe shi ba, Allah ne Ya ɗaukaka shi zuwa gare Shi. Tsohon birnin da ganuwa ta kewaye a yau bai cika murabba'in kilomita 1 ba, amma duk waɗannan wurare suna cikinsa, kusa da juna. Saboda haka duk wanda Allah Ya danƙa wa ragamar wannan gari, an ɗora masa jarrabawa mai nauyi: me zai yi da waɗanda ba addininsu ɗaya ba ranar da takobi yake hannunsa? A wannan fitowa za mu duba rayuwar wani sarki da aka yi wa wannan jarrabawa, shi ne Salahuddini al-Ayyubi, Allah Ya yi masa rahama.

Asalinsa da tasowarsa

Sunansa na yanka Yusufu ɗan Ayyuba, Salahuddini kuwa laƙabi ne. An haife shi a shekara ta 532 bayan Hijira, wadda ta faɗo tsakanin 1137 da 1138 Miladiyya, a garin Tikrit da ke bakin kogin Dijla a ƙasar Iraƙi. Shi ba Balarabe ba ne, mutanensa Kurdawa ne. Mahaifinsa Najmuddini Ayyuba shi ne yake riƙe da sansanin Tikrit, amma a daidai lokacin haihuwar Yusufu aka tilasta musu barin garin, domin baffansa Asaduddini Shirkuh ya kashe wani mutum. Suka nufi Mausil wurin Sarki Imaduddini Zanki, wanda ya karɓe su, ya ba mahaifin riƙon garin Ba'albak. A can da kuma Dimashƙa yaron ya tashi, ya yi karatun Alƙur'ani da Hadisi da fiƙihu a kan mazhabar Imamu Shafi'i, ya kuma koyi hawan doki da sarrafa makami.

Babban wanda ya tarbiyyantar da shi a harkar mulki shi ne Sarki Nuruddini Mahmudu ɗan Zanki, wanda ya shiga Dimashƙa a 1154. Wannan sarki ya gina makarantu da asibiti, ya kafa zauren shari'a inda talaka zai kai ƙarar hakimi, kuma tun Ƙudus tana hannun wasu ya sa massassaƙan Halab suka sassaƙa mumbari na musamman domin Masallacin Aƙsa, aka ajiye ana jiran ranar da Allah zai kawo buɗi.

Halin da Ƙudus take ciki

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu koma baya kaɗan. Musulmi sun karɓi Ƙudus da sulhu a zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.), wajen shekara ta 638. Babban limamin Nasara na garin, Safraniyus, shi ya miƙa birnin, aka ba mutanensa aminci a kan rayukansu da dukiyarsu da majami'unsu. Masu tarihi sun ruwaito cewa lokacin salla ya riski Umar a cikin Kanisatul Ƙiyama, amma ya fita ya yi sallarsa a waje, domin gudun kada Musulmin baya su fake da sallarsa su ƙwace wurin. Yahudawa kuwa, waɗanda Rumawa suka hana zama a garin shekaru aru-aru, a ƙarƙashin mulkin Musulunci suka samu damar dawowa. A haka jama'o'in nan uku suka zauna fiye da shekara 450, wani zamani da daɗi, wani zamani da ƙunci, gwargwadon halin mai mulki.

A ranar 15 ga Yuli 1099, wato shekara ta 492 bayan Hijira, rundunar Turawa masu ɗauke da alamar gicciye, waɗanda Larabawa ke kira Faranjawa, suka fasa ganuwar birnin. Suka yi wa Musulmi da Yahudawa kisan gilla, har da waɗanda suka fake a Masallacin Aƙsa. Suka hana Musulmi da Yahudawa zama a garin. Suka mai da Ƙubbatus Sahra majami'a, suka kafa gicciye a samanta, Masallacin Aƙsa kuma ya zama fada, daga baya ya zama masaukin mayaƙansu. Hatta Nasaran ƙasar, masu bin cocin Gabas, an ture shugabanninsu an naɗa na Turawa. Wani matafiyi Bayahude daga Andalus mai suna Binyaminu, da ya ziyarci garin wajen 1170, ƴan tsirarun Yahudawa masu sana'ar rini kawai ya tarar. Shekara 88 birnin ya yi a cikin wannan hali.

Daga Masar zuwa Hiɗɗin

Tauraron Salahuddini ya fara haskawa ne a Masar. Nuruddini ya tura Shirkuh can sau uku tsakanin 1164 da 1169, domin kada ƙasar ta faɗa hannun Faranjawa, kuma Yusufu yana tare da baffansa. Shirkuh ya zama wazirin halifan Faɗimiyyawa, amma bayan kamar wata biyu ya rasu, a watan Maris 1169. Aka naɗa Salahuddini a gurbinsa yana da shekara kamar 31. A 1171 ya mayar da huɗubar Juma'a da sunan halifan Abbasiyyawa na Bagadaza, daular Faɗimiyyawa ta ƙare a nan. Bayan rasuwar Nuruddini a 1174 ya shiga Dimashƙa, ya karɓi Halab a 1183, Mausil kuma ta yi masa mubaya'a a 1186.

Lalle ne mu faɗi gaskiya cewa yawancin waɗannan shekaru ya shafe su ne yana jayayya da sarakunan Musulmi ƴan'uwansa, kuma akwai malaman zamaninsa da suka zarge shi da ƙwace gadon iyalan maigidansa. Ya kuma ɗanɗani kaye, domin a 1177 Faranjawa sun fatattaki rundunarsa kusa da Ramla, da ƙyar ya tsira da ransa. Amma haɗa Masar da Sham a ƙarƙashin tuta ɗaya shi ne ya ba shi ƙarfin da sarakunan gabaninsa suka rasa.

Wanda ya kunna wutar yaƙin ƙarshe shi ne wani hakimin Faranjawa mai riƙe da sansanin Karak, Larabawa suna kiransa Arnaɗ. Wannan mutum ya taɓa sa jiragen ruwa a Bahar Maliya suka auka wa ƴan kasuwa da mahajjata, sa'an nan ya kama wani babban ayari a lokacin da akwai yarjejeniyar tsagaita wuta, ya ƙi sakin mutanen. A ranar 4 ga Yuli 1187 rundunonin biyu suka gamu a Hiɗɗin, kusa da tafkin Ɗabariyya. Musulmi suka tare hanyar ruwa, suka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta, ƙishirwa da hayaƙi suka karya lagon Faranjawa. Aka kamo sarkinsu mai suna Gi, tare da Arnaɗ. Salahuddini ya ba sarkin ruwan sanyi ya sha, wanda a al'adarsu alama ce ta aminci, amma Arnaɗ ya kashe shi da hannunsa saboda cin amanarsa. Ya kuma ba da umarni aka kashe kamammun mayaƙa na ƙungiyoyin nan biyu da suka sha alwashin yaƙar Musulmi muddin ransu.

Buɗe Ƙudus

Ya kafa sansani a bakin birnin ranar 20 ga Satumba 1187. Da mutanen ciki suka ga an fara huda ganuwa, sai jagoransu Baliyan ya fito neman sulhu. Da farko Salahuddini ya ƙi, domin ya yi niyyar karɓar garin da takobi kamar yadda aka karɓe shi a 1099. Baliyan ya yi barazanar cewa in an matsa musu za su rushe Ƙubbatus Sahra, su kashe dubban Musulmin da ke tsare a hannunsu, su mutu suna yaƙi. Sarkin ya tara hakimansa suka yi shawara, ya haɗiye fushinsa ya yarda da sulhu. Aka yanka fansa: namiji dinari 10, mace dinari 5, yara kuma ƙasa da haka, aka ba su kwana 40 su biya su fita da kayansu. Aka kuma karɓi dinari 30,000 a dunƙule a madadin dubban matalauta.

Musulmi suka shiga birnin ranar Juma'a 2 ga Oktoba 1187, wadda ta yi daidai da 27 ga Rajab 583, ranar da jama'a da yawa ke tunawa da Isra'i da Mi'iraji. Ba a yi kisa ba, ba a yi wasoso ba. Ƙaninsa al-Adil ya roƙi a ba shi mutum 1,000 daga waɗanda suka kasa biya, ya ƴanta su nan take. Shi kansa sarkin ya saki tsofaffi, ya ba matan da mazansu suka mutu a yaƙi kyauta daga aljihunsa. Babban limamin cocin Turawa ya fita da dukiyar majami'u mai ɗimbin yawa, ya biya dinari 10 kamar kowa. Wasu na kusa da sarki suka ba shi shawara ya ƙwace dukiyar, amma ya ƙi, domin kada a ce Musulmi sun karya alƙawari. Tare da haka, wajen mutum 15,000 da wa'adi ya cika ba su biya ba an mai da su bayi, bisa dokar yaƙi ta wancan zamani. Wannan ɗaci yana cikin labarin, kuma ba ya halatta mu ɓoye shi.

Aka sauke gicciyen da ke kan Ƙubbatus Sahra, aka wanke wurin da ruwan wardi. A Juma'a ta gaba Alƙali Muhyiddini ɗan Zaki ya yi huɗuba a Masallacin Aƙsa, aka kuma aika Halab aka ɗauko mumbarin Nuruddini, shekara 13 bayan rasuwar mai shi.

Babbar jarrabawa kuwa ita ce ta Kanisatul Ƙiyama. An rufe ta kwana uku ana shawara. Wasu suka ce a rushe ta a baje, domin Turawa su yanke ƙauna su daina zuwa. Wasu suka ce Nasara wurin suke girmamawa, ko an rushe ginin ba za su fasa zuwa ba, kuma Sayyidina Umar da ya karɓi garin bai taɓa ta ba. Salahuddini ya bi ra'ayi na biyu. Aka sake buɗe majami'ar, Nasaran ƙasar suka ci gaba da zama a gidajensu suna biyan jiziya. Wasu gine-ginen da Turawa suka bari ya mai da su na Musulmi: wata majami'a ta zama makarantar Salahiyya, gidan babban limaminsu ya zama zawiyar sufaye, ya kuma kafa asibiti. Amma wurin da ya fi kowane girma a zukatan Nasara ya bar musu shi. Har yau mabuɗin wannan majami'a yana hannun wani gidan Musulmi, gidan Juda, wani gidan Musulmi kuma, gidan Nusaiba, shi ke buɗe ƙofar da rufe ta. Gidan Juda suna danganta wannan amana ga zamanin Salahuddini, kuma ta taimaka wajen rage saɓani tsakanin ɗarikun Nasara da ke tarayya a wurin.

Yahudawa ma sun dawo a zamaninsa. Wani marubucinsu ɗan Andalus, Yahuza al-Harizi, wanda ya ziyarci birnin kamar shekara 30 bayan buɗe shi, ya ambaci cewa Salahuddini ne ya yi shelar ba su izinin komowa. Ya tarar da waɗanda suka zo daga Asƙalan, da na Magrib, da na Faransa. A Masar kuma babban malamin Yahudawa, Musa ɗan Maimuna, likita ne a wurin Alƙali al-Fadil, babban wazirin sarki, daga baya ya yi wa iyalan gidan sarautar aiki.

Sulhun Ramla da rasuwarsa

Faɗuwar Ƙudus ta girgiza Turai, sarakunan Jamus da Faransa da Ingila suka yi gangami. Bayan kusan shekara biyu ana gumurzu a bakin garin Akka, ya faɗa hannunsu a watan Yuli 1191, kuma Ricad Sarkin Ingila ya sa aka yanka kamammun Musulmi wajen 2,700. Wannan ya ƙona ran Salahuddini ƙwarai, har ya kashe wasu mayaƙan Faranjawa da aka kama bayan haka, amma bai huce a kan Nasaran da ke zaune ƙarƙashin amanarsa a Ƙudus ba. Alƙalinsa Baha'uddini ɗan Shaddad, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin wata mata Bafaranja da aka sace wa jariri a lokacin yaƙin Akka. Ta zo sansanin Musulmi tana kuka, sarki ya sa aka nemo yaron, ya biya wanda ya saye shi, ya miƙa mata ɗanta, ya sa aka raka ta har wurin mutanenta.

A watan Satumba 1192 aka ƙulla sulhun Ramla. Faranjawa suka riƙe bakin teku daga Sur zuwa Yafa, Ƙudus ta tsaya hannun Musulmi, aka kuma yarda masu ziyara na Nasara su shigo ba tare da makami ba. Da wani babban limami daga Ingila ya roƙe shi, ya yarda limaman cocin Turawa ƙalilan su riƙa ibada a Kanisatul Ƙiyama da Baitalahmi da Nasira.

Ya yi niyyar aikin Hajji, amma Allah bai nufa ba. Zazzaɓi ya kama shi a Dimashƙa, ya rasu bayan sallar asuba ranar 27 ga Safar 589, wato 4 ga Maris 1193, yana da shekara kamar 55. Mutumin da ya mallaki Masar da Sham da Yaman, abin da aka samu a taskarsa dinari 1 ne da dirhami 47, domin hannunsa ba ya riƙe dukiya. Ko likkafaninsa Alƙali al-Fadil ne ya kawo. Kabarinsa yana daura da babban Masallacin Umayyawa a Dimashƙa.

Abin da ya shafe mu

Ƙofar da ya buɗe ta kai har gare mu. Ɗansa al-Afdal ya yi waƙafin wata unguwa ga mutanen Magrib a jikin Masallacin Aƙsa, ya gina musu makarantar fiƙihun Malikiyya, mazhabar da muke bi a nan Dakoro da sauran ƙasar Hausa. Wannan unguwa ta rayu har watan Yuni 1967, lokacin da Isra'ila ta kama gabashin birnin ta rushe ta. Mahajjatan ƙasashenmu kuma, waɗanda ake kira Takarir, sukan zarce Ƙudus bayan Makka da Madina, wasunsu suka zauna suna gadin ƙofofin masallacin. Har yau akwai zuriyar mutanen Nijeriya da Cadi da Sanigal da Sudan, cikinsu har da jikokin Hausawa, a wasu tsofaffin masaukai biyu kusa da ƙofar da ake kira Babul Majlis. Mumbarin Nuruddini kuwa ya ƙone ranar 21 ga Agusta 1969, da wani mutumin Ostiraliya ya cinna wa masallacin wuta. Wannan ne ya sa shugabannin Musulmi suka taru a Rabat a watan Satumba na shekarar, aka kafa ƙungiyar ƙasashen Musulmi, wadda Nijar take cikinta tun farko. A 2007 aka kafa wani mumbari irinsa a gurbinsa.

Ya ƴan'uwa, da yawa daga cikinmu in an ambaci Salahuddini, Hiɗɗin kaɗai muke tunawa. Amma jarumai masu cin yaƙi suna da yawa a tarihi, kuma mafi yawansu an manta da su. Abin da ya sa har abokan gabansa suke ambatonsa da alheri shi ne kwanaki ukun nan da majami'a take rufe, iko yana hannunsa, raɗaɗin 1099 yana cikin zukatan mutanensa, masu zuga suna gefensa, amma ya bi sawun Umar. Ya bambanta tsakanin wanda ya ɗauko makami da wanda yake zaune lafiya, ya kuma riƙe alƙawari ko da riƙonsa ya jawo masa hasarar dukiya.

Mu ma an taɓa yi mana irin wannan jarrabawa a gida. A watan Janairu 2015, saboda fushin ɓatancin da wata jaridar Faransa ta yi ga Manzon Allah (S.A.W.), aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, aka yi hasarar rayuka. A watan Yuni 2019 aka ƙona wata a Maraɗi. Waɗanda abin ya faɗa wa maƙwabtanmu ne, ba su zana kome ba, ba su zagi kowa ba. Kishin addini wajibi ne, baƙin cikin halin da Ƙudus da mutanen Falasɗinu suke ciki kuma gaskiya ne, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya halatta a kama wani da laifin wani. A ƙasarmu mu ne masu rinjaye, saboda haka amanar ƴan tsiraru tana wuyanmu, kamar yadda ta kasance a wuyan Salahuddini ranar da aka miƙa masa birnin. Ya kamata malamai su karantar da wannan a makarantun allo da na Islamiyya, iyaye kuma su ja kunnen matasa tun kafin ranar fushi ta zo.

Muna roƙon Allah Ya ji ƙan Salahuddini da Nuruddini da sauran magabatanmu na ƙwarai, Ya kawo wa Birnin Ƙudus da mazaunansa adalci da zaman lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya kuma sa mu cika da imani. Amin.